Abin da Yaya Ya Goge

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan na manta su, amma akwai wata ranar damina da ko na tsufa har na daina gane ƴaƴana ba na jin za ta fita daga raina. Ita ce ranar da mahaifiyarmu ta rasu, labarin kuma ya iso gare ni ta hanyar da babu wanda ya yi nufin ya biyo. Wani ɗan maɓalli ne na kwamfuta ya tona asirin, wannan na can sama ta hannun dama mai kibiya tana kallon hagu, wanda ake dannawa a goge harafi idan an yi kuskure.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin sansani a arewacin Belbeji, can inda gonakin gero suke ƙarewa makiyaya ta fara. Aikina shi ne auna ruwan sama, leƙa rijiyoyi, duba yadda ciyawa take tashi, kowace safiya kuma in aika rahoto. A shekarun nan babu rezo, wato sabis ɗin waya, a wajen, ko ka hau bishiya. Abin da muke da shi farantin tauraron ɗan Adam ne a kan rufi, da batir mai cin hasken rana, da wata tsohuwar kwamfuta. Layin ba ya ɗaukar hoto, ba ya ɗaukar murya, sai rubutu tsura. Baƙin allo ne da fararen haruffa, ta nan nake shiga babbar na'urar ma'aikatarmu da ke Damagaram, ta nan kuma duk ma'aikata muke bar wa juna saƙo. Mu biyu ne a sansanin, ni da wani dattijo Ba'abzine mai gadi, wanda shayinsa ya fi maganarsa yawa.

Shugabana a biro, wato ofishinmu na Tanut, wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne ɗan farin Inna, ni ne auta. Shi ya sama mini aikin, bai kuma taɓa bari na manta da hakan ba. Yaya mutum ne mai tsauri, fuskarsa kullum kamar an aiko masa da mugun labari. Tun yana ƙarami aka kai shi makaranta Damagaram, ya tashi a hannun mutane, idan ya zo hutu ƙauyenmu na wajen Ollelewa a zaure yake yini. Kun san kunyar ɗan fari irin ta iyayenmu na da. Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta zama inda yake zaune, idan ya durƙusa ya gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Duk abin da take so ya same shi, ni take kira. Daga cikin ɗaki za ta ce, "Auta, a kai wa mutane ruwa." Ko kuma, "Auta, a gaya wa mutane tuwo zai huce." Ni kuma in ɗauka in kai zaure in dire gabansa, ban taɓa ce masa ga wadda ta aiko ba, don ban ga abin faɗa a ciki ba. Ni kuwa a cinyarta na girma. Har na yi gemu tana ɓoye mini ƙanzon tukunya.

Yaya bai taɓa kirana Auta ba. "Malam" yake ce mini, da irin muryar da ke nuna babu wani malanta a wajen.

To, game da maɓallin nan. Tun watannin farko na lura saƙon kowa yana zuwa mini sumul, ban da na Yaya. Nasa yana zuwa da wasu alamomi a tsakiya, ƴar hula da harafin H, a jere kamar sawun tururuwa. Da farko na ɗauka lalacewar layi ce. Sai wata rana na karanta wannan:

"Kai wane irin rago ne^H^H^H^H^H^H^H^H^H^H^H^H^H^H^H^H^H^H^H^H^H Malam, rahoton jiya bai iso ba."

Na maimaita karantawa, sai dariya ta ƙwace mini har mai gadi ya leƙo ya ga ko lafiya. Ashe duk abin da Yaya ya rubuta ya goge, ni yana iso mini ɗungurungum, alamomin nan kuma sawun yatsansa ne a kan maɓallin gogewa.

Da mai gyaran na'urorinmu ya zo zagaye daga Damagaram, wani siririn mutum mai son hira, na nuna masa. Ya yi dariya shi ma, ya ce, "Ai wannan tsohuwar rigima ce. Na'urorin nan ba gida ɗaya suka fito ba, kowacce da tsarinta. Ta yayanka sabuwa ce, in ya danna maɓallin nan alama ɗaya take aikawa. Babbar ta Damagaram kuma wata alamar daban ta sani a matsayin gogewa. Da ta ga wadda ba ta sani ba sai ta ajiye ta kamar kowane harafi, ta ajiye abin da aka so gogewa. Shi a allonsa yana ganin rubutu ya ɓace. Taka kuma ba ta rufa wa kowa asiri, duk abin da aka ajiye sai ta baje maka."

Na ce, "Gyaran da wuya?"

Ya ce, "Layi ɗaya ne, amma a wajensa za a yi. In na bi ta Tanut bayan damina."

Na ce masa wallahi babu gaggawa, na kuma ƙara masa shayi. Gaskiya abin yana yi mini daɗi. Mutum yana zaune a daji, ba rediyo mai kyau, ba abokin hira, ga shi an ba shi taga yana leƙa cikin kan shugabansa. Na san ranar da ya so ce mini jaki ya fasa. Na san ranar da ya rubuta "ka yi ƙoƙari" ya ga abin ya yi yawa ya mayar da shi "an gani". A lokacin wasa na ɗauke shi.

A daminar nan Inna ta zo Tanut gidan Yaya don a duba mata ƙirji, tari ne ya ƙi tafiya. Na sani, ban kuma damu ƙwarai ba, don duk damina takan yi shi. Na ƙudura in wata ya ƙare zan je in gan ta.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi, ƙasa tana ƙamshi. Na fita na karanta ma'aunin ruwa ina murna, don rabon da mu samu irinsa an daɗe. Da hantsi na kunna kwamfuta zan aika rahoto, sai na ga saƙon Yaya. Dogo ne, bai taɓa aiko mini mai tsawonsa ba, fiye da rabinsa kuma sawun tururuwan nan ne. Na gyara zama ina murmushi, na ce yau kuma wane zagi aka fasa.

Farkon abin da na gani shi ne, "Auta, Allah ya yi wa Inna rasuwa da safen nan", sai alamomin gogewa suka biyo baya, layi guda cur.

Bayan su ya sake farawa. "Za mu kai ta gida kusa da kabarin Baba, jana'iza bayan la'asar." Wannan ma ya goge.

Sai na uku. "Kai ta yi ta kira. Ni da nake riƙe da hannunta ko sau ɗaya". Bai ƙarasa ba, ya goge.

A can ƙarshe, abin da ya bari, wanda shi kaɗai yake zaton zan gani: "Malam, jikin Inna ya ɗan motsa. Ka biyo motar biro gobe ka same mu a gida. Kada ka hau moto, an yi ruwa."

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon allon ba. Na san dai bakina yana ta maimaita innalillahi. Abin da ya fi ba ni mamaki har yau, ba kuka ne ya fara zuwa mini ba, fushi ne. Na san al'adarmu sarai. Ba a jefa wa na nesa labarin mutuwa, sai a ce jiki ya yi tsanani, a bar shi ya iso cikin ƴan'uwa kafin a faɗa masa. Ni ma na taɓa yi wa wasu haka, na kuma ga alheri ne. Amma ranar ban ga alherin komai ba. Abin da na gani shi ne za a rufe fuskar Inna da ƙasa bayan la'asar, Yaya kuma ya zauna shi kaɗai a biro ya yanke cewa ni ba zan gan ta ba.

Na fito na jawo moto, wato babur ɗin sansani. Dattijon mai gadi ya dubi fuskata. Ya shiga ɗakinsa ya fito da jarkar esansi, wato fetur, da yake ɓoyo don ranar tsiya, ya ɗaure mini a baya, ya cika mini gora da ruwa. Sai da na tayar da injin ya dafa kafaɗata ya ce, "Wa?"

Na ce, "Mahaifiyata."

Ya ce, "Allah ya jiƙanta. Ka bi tudu, kada ka bi kwari, ko da ya fi nisa."

Ban ji maganarsa ba. Rana nake kallo, ita nake tsere da ita. Daga sansani zuwa Belbeji yashi ne ya sha ruwa ya yi tauri, moto tana gudu kamar a kan kwalta, har na fara sa rai. Ko'ina kore shar, shanu sun bazu, makiyaya suna ɗaga mini hannu. Na ji haushin kyan da duniya ta yi a ranar. Ina tafe ina shirya maganganun da zan gaya wa Yaya a gaban mutane. Na ce zan tambaye shi ko don ba shi ta fi so ba ne ya sa ya hana ni. Allah ya gafarta mini, har wannan na shirya.

Kafin Gangara na tarar da abin da aka gargaɗe ni a kai. Wata korama da ko a tsakiyar damina nake tsallake ta ba tare da na sauke ƙafa ba ta cika ta batse, jan ruwa yana tafe da rassan itace. Akwai mutane a bakinta suna jira, da amalanke da jakuna. Suka ce in dakata, ruwan tudu ne, zai janye. Na ce ba ni da lokacin jira. Na shiga da moto, ban kai tsakiya ba injin ya mutu, ruwa ya kwashe ƙafafuna. Wasu maza ne suka shigo suka kamo ni, suka jawo moton muka fita ta ɗaya gefen. Wani a cikinsu ya fara yi mini faɗa, ya ce wane irin ganganci ne wannan, sai na ce masa jana'izar uwata zan je. Shi ne kuma ya tsuguna ya kwance filogi, ya goge shi da bakin rawaninsa, muka karkata moton muka zubar da ruwan da ya shiga. Muka yi ta bugawa tana ƙi. Ina tsaye jiƙe sharkaf ina kallon inuwata tana ƙara tsawo a ƙasa, a nan ne kuka ya zo mini, a gaban mutanen da ban sani ba.

Da moton ta tashi la'asar ta riga ta yi. Na sani, amma na ci gaba da gudu, ina ce wa kaina wataƙila motar Tanut ma ruwa ya tsare ta, wataƙila liman ya makara, wataƙila ana jiran wani.

Ba a jira kowa ba. Ina shiga ƙauye na haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta, da fartanya da shebur a kafaɗa, wani yana ɗauke da makara babu kowa a kanta. Suka tsaya suna kallona kamar sun ga aljani, don an gaya musu sai gobe zan zo. Wani kawunmu ya tare ni yana cewa, "Haƙuri, haƙuri." Ban tsaya ba. Na jingina moton a jikin darni na wuce da ƙafa.

Yaya kaɗai ya rage a wajen. Yana tsugune yana jera ƙaya a kan kabarin saboda dabbobi, farar rigarsa ta biro duk jar ƙasa. Ya ɗago ya gan ni, laka tun daga kaina har ƙafa. Ya miƙe a hankali.

Ya ce, "Wa ya faɗa maka?"

Na ce, "Kai."

"Ni cewa na yi jikinta ya motsa."

"Abin da ka goge, Yaya. Na'urarka ba ta gogewa. A wajenka ne kawai yake ɓacewa, ni duka yake iso mini. Tun da ka samu sabuwar nan haka ne."

Ya daɗe yana kallona. Na ga yana lissafin abubuwan da ya taɓa rubutawa. Sannan ya ce, da wata ƙaramar murya da ban san yana da ita ba, "Duka?"

Na ce, "Duka."

Maganganun da na shirya a hanya suna bakina, amma na dubi idanunsa na ga mutumin da ya kwana biyu bai runtsa ba, sai suka ƙi fita. Na durƙusa gaban kabarin na yi mata addu'a, na ɗora tafina a kan ƙasar, da sauran danshi. Iyakar abin da na samu na Inna ke nan. Da na gama, shi ma ya tsuguna kusa da ni, ya ce, "Tsoro na ji. Na san halinka a kan moto. Na ce kada in binne biyu rana ɗaya."

Na ce, "Ka ce ta yi ta kirana. Me ta ce?"

Ya kau da kai. "Ba ta cikin hayyacinta. Ni kaɗai ne a ɗakin, matata ta fita ɗora ruwa. Ta riƙe hannuna gam, amma kai take gani. Sai cewa take, Auta, a ce wa mutane su je su kwanta, sun gaji. Auta, a dama wa mutane fura, tun jiya ba su ci komai ba. Ta yi ta maimaitawa har ta yi shiru. Na ce mata, Inna, babu wasu mutane, ni ne. Ba ta ko dube ni ba."

Sai a lokacin na gane cewa duk shekarun nan shi yana zaure, bai taɓa jin abin da ake faɗa a cikin ɗaki ba. Hannuna kawai yake gani da kwano.

Na ce, "Yaya, ka san su wane ne mutane?"

Ya dube ni.

"Kai ne. Tun ina yaro haka take kiranka. A kai wa mutane ruwa, a kai wa mutane bargo, a tambayi mutane ko sun rage shan shayin nan, cikinsu ba ya so. Duk kwanon da na taɓa dire maka a zaure ita ta aiko. Ta san ba na ɗakin yau. Ba ta iya yi maka magana ta wata hanya ba ne, sai ta bi wadda ta saba."

Ban taɓa ganin Yaya yana kuka ba, ko ranar da Baba ya rasu. Ranar nan ya zauna daɓas a kan ƙasa, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa, babu sauti. Na zauna kusa da shi ban taɓa shi ba, don ban san yadda ake taɓa shi ba. Muna nan har aka aiko a kira mu, masu gaisuwa sun cika ƙofar gida.

Bayan damina mai gyara ya bi ta Tanut. Yaya da kansa ya tsaya a kansa sai da ya gyara. Yaya ya gaya mini daga baya cewa ko shayin mai gyaran bai huce ba ya gama, ɗan layi ɗaya ya rubuta ya gaya wa babbar na'ura wace alama ce gogewa a wajen Yaya. Tun daga nan sawun tururuwa ya ɓace. Saƙo na farko da ya zo mini bayan gyaran gajere ne, tsaf, babu alama ko ɗaya: "Auta, rahoton jiya bai iso ba." Na nemi inda ya goge kalmar farko, babu. Bari ya yi ta zo.

Har yau ban daina jin ciwon rashin ganin fuskar Inna ba. Wani lokaci nakan ce da maɓallin nan yana aiki daidai, da na kwana lafiya a sansani, na biyo mota washegari, aka faɗa mini a hankali cikin ƴan'uwa kamar yadda ake yi wa kowa. Amma da haka ta faru, da ban san abin da zan tambayi Yaya ba, shi kuma ba mai faɗa ba ne. Da ya ci gaba da rayuwa yana ganin uwarsa ta mutu riƙe da hannunsa tana kiran wani.

Abin da na koya ke nan. Mu mutanen nan mun iya haɗiye magana, muna kiran abin kunya, muna kiransa kara, sau da yawa kuma daidai ne. Sai dai wanda aka haɗiye maganar dominsa ba shi da allon da zai nuna masa abin da aka goge. Shi ya sa yanzu, idan ɗana na fari ya shigo gaishe ni, nakan ji kunyar nan ta gado ta taso mini, sai in danne ta, in dube shi, in kira sunansa.